Shekara biyu na Rigobert Song a bencin Kamaru, kamar yadda muka gan su daga Garwa

Daren Talata, 29 ga Maris 2022, har bayan isha'i zafin Garwa bai sauka ba. A gidan kallon unguwarmu mai gidan ya yaye labulen ƙofa don iska ta shigo, ko da yake ya san yaran da ba su biya ba za su yi ta leƙe. Kamaru ce da Aljeriya a Blida, wasa na biyu, wanda ya tsallake shi ke zuwa gasar cin kofin duniya a Katar. Kwana huɗu kafin nan Aljeriya ta zo har Duwala ta yi mana ɗaya mai ban haushi, ƙwallon Slimani. Choupo-Moting ya rama tun kafin hutun rabin lokaci, aka tafi ƙarin lokaci, sai a minti na 118 Ahmed Touba ya sa kai ya zura mana. Rabin ɗakin ya miƙe. Ina jin ana tayar da babura a waje.

Kawuna tela ne, ya haura sittin, kuma tun zamanin Roger Milla bai bari wasan ƙasa ya wuce shi ba. Ya kama hannun rigata ya ce, "Zauna, yaro. Alƙali bai busa ba."

Na ce, "Kawu, ai an gama."

Ya ce, "Kai ne alƙalin?"

Minti na 124 aka ɗago ƙwallo cikin da'ira, Karl Toko Ekambi ya same ta ya tura raga. Biyu da ɗaya, Kamaru ta wuce da ƙwallon waje. Waɗanda suka fita suka dawo a guje, wani ya taka wayar janareta, hoto ya ɗauke, muka ƙarasa murnar cikin duhu. Wata ɗaya ke nan cif da ba Rigobert Song aikin horar da ƙungiyar ƙasa. Daren nan ya ɗaga shi sama, kuma a ganina daren nan ne ya hana mu yin tambayar da ta kamata mu yi tun farko, wato me aka ɗauko mutumin ya zo ya yi, kuma wa ke riƙe da linzami.

A kan ɗan wasa babu gardama. An haifi Song ran 1 ga Yuli 1976 a kudancin ƙasar, ɗan ƙabilar Basa ne. Ya taso a Tonnerre ta Yawunde, ya tafi Metz a Faransa, ya ratsa Salernitana da Liverpool da West Ham da Lens, ya ƙare a Turkiyya, shekara huɗu a Galatasaray, biyu a Trabzonspor. Ya sa rigar Kamaru sau 137, har yau babu wanda ya kamo shi. Ya je kofin duniya sau huɗu, kofin Afirka sau takwas. A 1994 yana ɗan shekara 17 aka ba shi jan kati a wasan Birazil, a 1998 aka sake ba shi a wasan Chili, ya zama mutum na farko da aka kora a kofin duniya biyu. Ba ɗan baya ne mai lallashin ƙwallo ba. Mutum ne mai faɗa, mai tsawa, wanda in ya buga ƙirji sauran goma sai su ji kunyar gajiya.

Mu nan arewa, inda kusan kowane gida ke da dangi a Yola ko Mubi ko Maiduguri, abin da ba a mantawa shi ne wasan ƙarshe na kofin Afirka da Najeriya, 13 ga Fabrairu 2000 a Legas. Eto'o da Mboma suka ci biyu, Chukwu da Okocha suka rama, aka je bugun fenareti. Ƙwallon Ikpeba ta bugi ƙarfen sama ta sauka bayan layi, alƙali ya ce ba ta shiga ba. Song ne ya buga ta ƙarshe ya ɗauki kofi a gaban mutanen Najeriya. Har gobe in aka haɗu a biki da 'yan uwa na tsallaken iyaka sai an tayar da maganar Ikpeba. Bayan shekara biyu ya sake ɗaga kofin a Bamako, Kamaru ta gama gasar ba a zura mata ko ɗaya ba, kuma a raga akwai Alioum Boukar, ɗan arewa, wanda ya tare fenaretin kyaftin ɗin Senegal, Aliou Cissé. A riƙe sunan nan, zai dawo.

Akwai kuma ranar baƙin ciki, wasan ƙarshe na 2008 a Akara, inda ya tsaya wasa da ƙwallo a bayan gida Mohamed Zidan ya ƙwace ya miƙa wa Aboutrika, Masar ta tafi da kofi. Shekara ɗaya bayan nan sabon koci Paul Le Guen ya cire masa kambun kyaftin ya ɗaura wa Samuel Eto'o, ƙaninsa da shekara biyar. A kofin duniya na 2010 'yan mintuna kawai ya buga, a wasan ƙarshe da Holan. Wannan musayar kambu ta 2009 ita ce ta sake bayyana a 2022 da wata fuska.

Shekarun da suka biyo bayan ajiye takalmi su ne mutane ke tsallakewa, alhali nan ne aka san ko mutum ya koyi sana'ar koci ko bai koya ba. Ya ɗan zauna a kujerar masu sharhi a talabijin, kamar yadda tsofaffin 'yan wasan Kamaru suka saba: Patrick Mboma na Canal+, Joseph-Antoine Bell na rediyon Faransa. Sharhi aiki ne mai daɗi, don dokin mai baki ya fi gudu. Ka ce da an sa wane a hagu da an ci, babu wanda zai tashe ka tsakar dare ya ce to zo ka sa shi. Bell da Mboma sun zauna a nan sun yi suna da iya warware wasa. Song ba mutumin dogon bayani ba ne, kujerar ba ta riƙe shi ba. A 2012 aka ba shi manajan tawagar ƙasa, aikin da ya fi kama da na babban yaya: tsara tafiya, sulhunta 'yan wasa da hukuma. A ƙarshen 2015 aka sanar da shi a matsayin kocin Chadi, maƙwabtanmu, amma maganar ba ta yi nisa ba, farkon 2016 yana gida riƙe da tawagar 'yan wasan cikin gida.

A watan Oktoba na shekarar jijiya ta fashe masa a ka yana gidansa a Yawunde. Ya yi kwana biyu bai san inda yake ba, aka ɗauke shi zuwa Faris. Na tuna a masallacin unguwarmu wani dattijo ya ce a sa shi a addu'a, wani ya ce ai ba Musulmi ba ne, dattijon ya ce rashin lafiya ba ta tambayi addininsa ba. Ya tashi, ya dawo bakin aiki, kuma tashin nan ya ƙara masa wani kwarjini a idon jama'a, irin na wanda ya leƙa kabari ya dawo. Amma in aka ajiye tausayi aka duba takarda, ga abin da ke ciki: a gasar 'yan wasan cikin gida ta 2018 a Maroko an fitar da tawagarsa tun a rukuni, a gasar 'yan ƙasa da shekara 23 ta 2019 a Masar ma haka. Bai taɓa riƙe kulob na kaka guda ba, inda koci ke fita atisaye kullum, ya yi kuskure ran Lahadi ya gyara ran Laraba.

To me ya sa shi? Ran 11 ga Disamba 2021 aka zaɓi Eto'o shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FECAFOOT. Bayan wata ɗaya Kamaru ta karɓi baƙuncin kofin Afirka, wanda mu ma muka samu rabonmu a filin Roumdé Adjia, inda Najeriya ta buga wasanninta har Tunisiya ta fitar da ita, garin ya cika da baƙi daga Adamawa. Kocin Kamaru a lokacin, Toni Conceição ɗan Fotugal, ya kai ƙungiyar matsayi na uku, Masar ce ta tsayar da shi a fenareti. Ba sakamakon kora ba ne. Duk da haka ran 28 ga Fabrairu 2022 ministan wasanni ya fitar da takarda cewa bisa umarnin shugaban ƙasa Paul Biya an sauke shi an naɗa Song, da Bafaranshe Sébastien Migné a matsayin mataimaki. Kowa ya san daga inda buƙatar ta fito. Daga baya FIFA ta ce a biya Conceição diyyar da ta haura Yuro miliyan ɗaya.

Hujjar masu naɗin tana da ƙarfi a kunne: ɗan ƙasa, tsohon kyaftin, mutumin da zai dawo da abin da Basawa ke kira hemle, wato zuciya da ƙin sallamawa. Kafin wasan Blida ya yi wata magana da ta zaga ƙasar, ma'anarta ita ce wanda ya san yana cikin haɗari ya fita daga haɗari, wanda bai sani ba shi ne ke ciki. Aka yi ta dariya, da Toko Ekambi ya ci aka mayar da ita hikima. Har 'yan acaɓa suka ɗauka, in za su kutsa tsakanin manyan motoci a gadar Binuwai.

Amma kyaftin da koci ba ikonsu ɗaya ba. Kyaftin yana cikin fili, in ya ce a mutu shi zai fara faɗuwa, shi ya sa ake jin maganarsa. Koci yana tsaye bayan layi, abin da ke hannunsa shi ne ya ce wane zai buga wane zai zauna, kuma 'yan wasa su tabbata cewa maganar daga bakinsa ta fito, babu wata ƙofa ta baya. Song ya karɓi aikin daga hannun mutumin da ya gaje masa kambu, mutumin da ba ya zama a ofis, yana otal ɗin 'yan wasa, yana bakin filin atisaye, yana ɗakin sa kaya yana jawabi a gaban kyamara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ranar da aka karanta sunayen masu zuwa Katar abin ya fito fili. Song ya yi ta tuntuɓe a kan wasu sunayen, kamar mai karanta wasiƙar da wani ya rubuta. Mai yiwuwa gajiya ce ko rawar baki, mutumin da ya yi irin ciwonsa ba a yi masa dariyar harshe. Amma a teburin mai shayi ba a yi masa wannan uzuri ba, cewa aka yi wanda ya zaɓi yaransa ba ya mance sunansu. Kuma babu Michael Ngadeu a jerin, ɗan bayan da ya fi kowa tsayuwa a shekarun nan, babu wani bayani mai gamsarwa. Abin da ya ɗan sanyaya mana rai a Garwa shi ne ganin sunan Souaibou Marou na Coton Sport, kulob ɗin garinmu.

A Katar ne na fara rubuta abin da nake gani a bayan littafin awon kawu, don gardama ta yi yawa. Wasan farko Suwizalan ta ci ɗaya, Breel Embolo haifaffen Yawunde ne ya ci, bai yi murna ba. Vincent Aboubakar na benci. A tuna wane ne Aboubakar a garin nan: ɗan Garwa, Coton Sport ta raine shi, shi ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin 2017 a Libreville, shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar da aka yi a gida wata goma da suka wuce, guda takwas, kuma shi ne kyaftin. Wasa na biyu da Sabiya ya sake farawa a benci. Sai da aka ci mu uku da ɗaya aka sako shi, cikin minti goma sha ɗaya ya ɗaga wa gola ƙwallo ta saman kai, ya kuma shimfiɗa wa Choupo-Moting ta uku. Masu son Song suka ce ka ga canji na koci. Kawu ya ce, "Wanda ya ɓoye gishiri har miya ta kusa ƙarewa, in ya zuba ba a ce ya iya girki."

Kafin wasan Sabiyan ne kuma aka raba gari da gola André Onana. Abin da ya fito shi ne saɓani kan salon wasa: Onana ya saba fitowa da ƙwallo a ƙafa yana rarrabawa tun daga Ajax, koci na son a doka ta gaba. Aka cire shi, ya bar sansani, bayan 'yan makonni ya ce ya daina buga wa ƙasa. A nan ina tare da Song rabi. Tarbiyya gaskiya ce, ɗan wasa ba ya fin ƙungiya. Amma wannan saɓani ne da ake warwarewa a filin atisaye wata shida kafin gasa. In har sai a Doha koci da golansa suka gano ba su yarda da juna ba kan yadda za a fara kai hari, to wata takwas ɗin da suka wuce me ake yi?

Sai Birazil, 2 ga Disamba. Sun riga sun wuce, kocinsu ya hutar da manyan, wannan gaskiya ne. Duk da haka babu ƙasar Afirka da ta taɓa doke su a kofin duniya. Minti na 92 Jérôme Ngom Mbekeli ya ɗago, Aboubakar ya sa kai, ya tuɓe riga, alƙali ya miƙa masa hannu yana murmushi sannan ya ba shi katin kora. Garwa ba ta yi barci ba. Kamaru ta fita da maki huɗu, amma wa ke lissafi? Nasarar farko ke nan a kofin duniya tun 2002. Karo na biyu ke nan ƙwallon minti na ƙarshe ta biya wa Song bashi.

Shekarar 2023 ba ta da irin wannan ado. A watan Maris Namibiya ta riƙe mu kunnen doki a Yawunde, ta doke mu biyu da ɗaya a wasa na biyu. Aka wayi gari zuwa kofin Afirka ya rataya a kan wasa ɗaya da Burundi, aka kawo shi Garwa ran 12 ga Satumba. Na shiga filin tun da rana. Daga inda nake zaune ina ganin benci sosai, kuma na fi kallonsa fiye da wasan. Song na tsaye da hularsa, yana tafa hannu, yana dunƙule hannu yana ɗagawa. Migné ne ke riƙe da takarda, shi ke kiran ɗan wasa gefe yana nuna masa wuri da yatsa. Rabin farko Burundi ta fi mu sanin abin da take yi, Onana da aka lallaso ya dawo shi ya hana su ci. Da aka dawo Mbeumo ya ci, Wooh ya ƙara, Aboubakar ya rufe a gaban mutanensa. Uku da nema. A hanyar fita wani yaro mai sayar da ruwa ya tambaye ni wane ne kocin a cikin biyun, baƙin ko Baturen.

A kofin Afirka na Kwaddibuwa, Janairun 2024, duk abin da aka share ƙarƙashin tabarma ya fito. An bar Choupo-Moting a gida. Aboubakar ya ji rauni ana gab da farawa. Onana ya tsaya buga wa Manchester United wasa da Tottenham ran 14 ga wata, ya hau jirgi cikin dare, bai samu wasan Gini na ran 15 ba, wanda aka tashi ɗaya da ɗaya alhali Gini ta yi rabin wasa da mutum goma. Mutumin da aka kora saboda tarbiyya shi aka yi wa wannan alfarma. Aka sa shi wasan Senegal, aka sha uku da ɗaya, aka mayar da shi benci aka sa Fabrice Ondoa. Kowace shawara a cikin waɗannan ana iya kare ta ita kaɗai, in an jera su ba su da hanya ɗaya. Wasan Gambiya a Bouaké ana saura minti biyar muna waje, suka ci gidansu, Wooh ya ƙara a minti na 91. Karo na uku ke nan ƙwallon minti na ƙarshe ta cece shi. Sa'a ta fi manyan kaya, amma ba ta zuwa kullum.

Ran 27 ga Janairu a Abijan aka haɗu da Najeriya. Osimhen ya matsa wa Oumar Gonzalez ya ƙwace ƙwallo a bayan gida ya miƙa wa Lookman. Kawu ya juyo ya dube ni bai ce komai ba, na san Akara ta 2008 yake tunawa. Lookman ya ƙara ta biyu a ƙarshe. Minti casa'in Kamaru ba ta buga ƙwallo ɗaya da ta nufi raga ba. Zuciya tana nan, yaran sun yi gudu, sun yi faɗa, amma babu wanda ya san ta inda za a bi da ƙwallo daga baya zuwa gaba. Wayata ta fara ƙara tun kafin a tashi, 'yan Yola ne, sunan Ikpeba kawai suke faɗa suna kashewa.

Masu cewa laifin ɗauko ɗan ƙasa ne ban yarda da su ba, kuma mutumin da ya doke Song uku da ɗaya shi ne hujjata. Aliou Cissé, wanda ya zubar da fenareti a Bamako, ya fara da matasan Senegal, aka ba shi babbar ƙungiya a 2015, ya sha suka, ya faɗi wasan ƙarshe a 2019, sai a 2022 ya ɗauki kofi a Yawunde. Shekara bakwai. Stephen Keshi sai da ya kai Togo kofin duniya na 2006, ya riƙe Mali, kafin ya ci wa Najeriya kofin 2013. Dukansu tsofaffin kyaftin ne masu zafin kai kamar Song. Bambancin shi ne sun yi shekaru suna cin tuwon sana'ar, kuma a Senegal ba a taɓa shakkar wa ke rubuta sunaye ba. Rabon Song na laifin shi ne ya karɓi riga bai tambayi wanda ya yanka ta ba, kuma cikin shekara biyu ban ga ranar da ya ja layi ya ce nan wurina ne ba.

Ƙarshen Fabrairu 2024 kwantiraginsa ya ƙare ba a sabunta ba. Kafin nan Eto'o ya miƙa takardar murabus, kwamitinsa ya ƙi karɓa, ya ci gaba da zama. A watan Afrilu ma'aikatar wasanni ta naɗa Marc Brys ɗan Beljiyam ba da yardar hukumar ba, aka shiga rigimar da har aka ɗauki hoton shugaban hukuma da sabon koci suna cacar baki. Song kuwa a Janairun 2025 aka ba shi kocin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya mai babban birni Bangi, ƙasar da ba ta taɓa zuwa kofin Afirka ba, inda babu Aboubakar da za a sako a minti na 55.

Ranar da labarin ya fito na je shagon kawu na faɗa masa. Yana kan keke yana ɗinke wuyan wata riga, a bangon bayansa akwai tsohon kalanda mai hoton tawagar 2000, rana ta cinye launinsa, Song na tsakiya da kambu a damtse. Bai ɗago ba, ya ce, "Bangi? To, a can ne za a gani. Miƙo mini almakashi."